Kano Pillars ta ƙwallon kwando: Kofi bakwai cikin shekara goma, da abin da ya biyo baya

Duk inda aka ambaci Kano Pillars a Arewa, daga majalisun Ƙofar Mata zuwa ofisoshin sakatariyar tarayya da ke Abuja, hankalin mai sauraro wajen ƙwallon ƙafa yake tafiya, da kirarin nan na Sai Masu Gida. Ba kowa ne ya san cewa akwai wata Pillars ɗin ba, wadda take wasa da hannu a cikin zaure, wadda kuma ta fi takwararta ta ƙwallon ƙafa tara kofunan gasar ƙasa. Daga shekarar 2008 zuwa 2017, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta lashe babbar gasar Najeriya sau bakwai: a 2008 da 2009 da 2010, sannan a 2013 da 2014, sai kuma 2016 da 2017. A cikin waɗannan shekaru goma, sau uku kacal kofin ya kuɓuce mata.

Tarihin wannan ƙungiya ya shafi mutanen Abuja kai tsaye. Abin da ya ɗaukaka ta a Kano aka gina shi, amma abin da ya katse mata hanzari ya samo asali ne daga rikicin kujera a hukumar da ke kula da wasan a ƙasa baki ɗaya, da kuma matakan da aka ɗauka a ma'aikatar wasanni ta tarayya. Wanda ya bi labarin daki-daki zai ga yadda takarda ɗaya da aka sa wa hannu a ofis take iya sauya rayuwar saurayin da ke atisaye a Kano, ko yaron da ke neman inda zai jefa ƙwallo a Maiduguri.

Tushen wasan a Arewa

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a garin Springfield na Amurka a shekarar 1891, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin zaure lokacin sanyi. A Najeriya wasan ya yaɗu ne ta makarantun kwana da jami'o'i da barikokin soja da na 'yan sanda, shi ya sa har yau ake samun ƙungiyoyin hukumomi irin su kwastan da 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a cikin gasar ƙasa.

A Arewa kuwa, Zariya ce uwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye 'yan wasa a ƙarƙashin wani mai horarwa Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara wasan a can. Daga cikin waɗanda suka tashi a Zariya har da Masai Ujiri, wanda daga baya ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada har ta ci kofin NBA a 2019, wanda kuma ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003 domin raya wasan a tsakanin matasan nahiyar. Wannan rijiya ta Zariya, haɗe da makarantun Kaduna da Jos da Kano, ita ce ta riƙa shayar da ƙungiyoyin Arewa. Pillars ta zama babban tafkin da ruwan yake taruwa, domin ita ce ƙungiyar da saurayin da ya ƙware yake burin sa rigarta.

Shekarun da kofi ya zauna a Kano

Gwamnatin jihar Kano ce take da ƙungiyar, gidanta kuma shi ne zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A waɗancan shekaru an raba gasar ƙasa gida biyu. Rukunin Atlantic ya ƙunshi ƙungiyoyin Kudu, irin su Lagos Islanders da Dodan Warriors da Union Bank, duk a Legas, da Oluyole Warriors ta Ibadan da Royal Hoopers ta Fatakwal. Rukunin Savannah kuma shi ne na Arewa, inda Pillars take karawa da Kada Stars ta Kaduna da Niger Potters ta Minna da Plateau Peaks ta Jos da Gombe Bulls da Bauchi Nets da Mark Mentors ta Abuja. Kowace ƙungiya takan buga gida da waje a rukuninta, sannan huɗu na sama daga kowane ɓangare su haɗu a gari ɗaya domin zagayen ƙarshe, wanda sau da yawa ake yinsa a zauren babban filin wasa na Surulere a Legas.

Ma'anar wannan tsari ita ce, wanda zai ɗauki kofi dole ya jure doguwar tafiya a mota tsawon watanni, sannan ya je ya buga wasanni a jere cikin 'yan kwanaki, galibi a gaban magoya bayan abokan hamayya. Kafin 2008 ƙungiyoyin Legas ne suka fi jan zarensu a gasar. Pillars ta karya wannan al'ada da kofi uku a jere. Royal Hoopers ta karɓe shi a 2011 da 2012, Pillars ta dawo da shi a 2013 da 2014, Mark Mentors ta ɗauka a 2015, Pillars ta sake ƙwato shi a 2016, ta kuma riƙe a 2017.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ke nan a shekaru uku, wato 2008 da 2013 da 2014, kofin ƙwallon ƙafa da na ƙwallon kwando duka a birnin Dabo suka kwana.

Sirrin nasarar ba wani ɓoyayyen abu ba ne: daɗewa tare. Mai horarwa Sani Ahmed ya shafe shekaru yana riƙe da ƙungiyar, ya kuma yi aiki da tawagar ƙasa ta D'Tigers. 'Yan wasa irin su Abubakar Usman da Abdul Yahaya sun zama ginshiƙai, kuma dukansu sun sa rigar Najeriya alhali suna wasa a gida. A wasan da mutum biyar ne kawai suke cikin fili daga kowane ɓangare, kuma ƙungiya take da daƙiƙa 24 ta kai hari ko ta rasa ƙwallo, sanin halin abokin wasa ya fi ƙarfin tsayin mutum ɗaya. Wanda ya shekara biyar yana wasa da ɗan'uwansa ba ya buƙatar ya ɗaga kai kafin ya san inda zai same shi. Wannan sabo ba ya samuwa sai inda ake biyan albashi, ake buga gasa a kan lokaci, mai horarwa kuma ya san ba za a kore shi don an ci shi wasa biyu ba.

Kuɗin kamfanoni ma ya taka rawa. A wani ɓangare na waɗannan shekaru DStv ce take ɗaukar nauyin gasar, ana kuma nuna wasu wasannin a talabijin. A 2017 kamfanin Kwesé ya karɓi ragamar ɗaukar nauyin. Gasar ba ta kai ta Masar ko Angola arziki ba, amma tana da jadawali, tana da zakara a kowace shekara, kuma ɗan wasa yana iya lissafin rayuwarsa a kanta.

A fagen Afirka

A waɗancan shekaru, zakaran Najeriya yakan wakilci ƙasar a gasar kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka, wadda hukumar FIBA reshen nahiyar take shiryawa a lokacin. A can ne Pillars ta riƙa haɗuwa da manyan giwaye: Primeiro de Agosto da Petro de Luanda da Recreativo do Libolo na Angola, da Al Ahly ta Masar, da ƙungiyoyin Tunisiya da Maroko. Waɗannan ƙungiyoyi suna da kasafin kuɗi mai kauri, suna ɗauko ƙwararru daga Amurka, suna kuma da zauruka na zamani. Pillars takan je musu ne da akasarin 'yan gida.

Duk da haka, a gasar 2016 da aka yi a Alƙahira, wadda Al Ahly ta lashe bayan ta doke Libolo a wasan ƙarshe, Pillars ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, ta shiga sahun huɗun farko na nahiyar. Shekara guda kafin nan, a 2015, D'Tigers ta ci kofin Afirka karo na farko a Tunisiya, inda ta doke Angola da ci 74 da 65. A lokacin, duk mai bin wasan yana ganin ƙwallon kwandon Najeriya ya kama hanyar da ba ya dawowa baya.

Zaɓe biyu cikin kwana biyu

A watan Yunin 2017 aka shiga rikicin da ya wargaza komai. Ranar 12 ga wata aka yi zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, a Kano, inda aka sake zaɓen Tijjani Umar. Washegari, 13 ga wata, aka yi wani zaɓen a Abuja ƙarƙashin kulawar ma'aikatar wasanni, a zamanin minista Solomon Dalung, inda Injiniya Ahmadu Musa Kida ya zama shugaba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa: ɗaya ya dogara da kundin tsarin hukumar, ɗaya kuma da ƙa'idojin zaɓe na ma'aikata. Mutanen biyu duk sanannu ne ga masu aikin gwamnati. Tijjani Umar ya kai muƙamin babban sakatare a fadar shugaban ƙasa. Musa Kida, ɗan asalin jihar Borno, ya daɗe a harkar mai tare da kamfanin Total, kuma a watan Afrilun 2025 aka naɗa shi shugaban hukumar gudanarwar kamfanin NNPC.

Ko wane ne yake da gaskiya, sakamakon ɗaya ne. Ɓangare ɗaya ya riƙe tawagogin ƙasa, ɗaya ɓangaren ya riƙe gasar cikin gida da yarjejeniyar ɗaukar nauyinta, magana kuma ta kai kotu. Ƙungiyoyi suka rasa wanda za su bi. Kamfanin Kwesé da kansa ya rufe harkar talabijin ɗinsa a 2019. Gasar da ake shafe watanni ana yi gida da waje ta koma gajerun wasanni da ake tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki, sauran shekarar kuma a zauna. Hausawa sun ce idan giwaye suna faɗa ciyawa ce take shan wahala, kuma ciyawar a nan ita ce ɗan wasan da ba shi da wata sana'a sai wannan.

Rikicin ya sake sabon salo ranar 31 ga Janairun 2022, lokacin da aka ƙara yin zaɓe biyu a rana ɗaya: na Benin ya ba Musa Kida, na Abuja ya ba Igoche Mark. A watan Mayun wannan shekara gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga duk wasannin ƙwallon kwando na duniya har tsawon shekara biyu. An soke matakin a watan Yuni, amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku: tawagar mata ta D'Tigress ta rasa gurbin da ta samu da guminta a gasar cin kofin duniya ta Ostareliya, aka miƙa shi ga Mali.

Kasuwar da ta ci bayan an tashi

Abin da ya fi ciwo ga Kano shi ne lokacin da wannan ya faru. A 2021 hukumar NBA ta Amurka da FIBA suka ƙaddamar da gasar BAL a birnin Kigali na Ruwanda, mai ƙungiyoyi 12, wadda ake nunawa a ƙasashen duniya da dama, masu farautar 'yan wasa kuma suke zuba mata ido. Najeriya tana cikin ƙasashen da aka ba zakaransu gurbi kai tsaye. Da a ce gasar ta zo shekara biyar kafin nan, rigar Pillars ce za ta shiga wannan fage.

A maimakon haka, Rivers Hoopers, wato tsohuwar Royal Hoopers, ita ce ta je a 2021. A 2022 babu ƙungiyar Najeriya ko ɗaya a gasar saboda rikicin hukumar. Kwara Falcons ta Ilori ta je a 2023, sannan Rivers Hoopers ta koma a 2024 har ta zo ta uku. Kofin cikin gida ma Fatakwal ya fi zama: Rivers Hoopers ta ɗauke shi a 2019 da 2021 da 2023 da 2024, Kwara Falcons kuma a 2022. Wannan ya nuna cewa rikicin bai kashe kowa ba. Ƙungiyar da mai ita ya ci gaba da kashe mata kuɗi a lokacin fari ta tsira. A nan ne raunin tsarin da aka gina Pillars a kai ya bayyana: ƙungiyar da kusan duk abincinta daga baitulmalin jiha yake fitowa, ba ta da kuɗin tikiti ko na talla da za su riƙe ta, ƙarfinta yana hawa yana sauka ne gwargwadon sha'awar wanda ke kan mulki da kuma halin da asusu yake ciki.

A ɗaya gefen, tawagogin ƙasa sun ci gaba da haskakawa. D'Tigers ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a watan Yulin 2021. D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta zama tawagar Afirka ta farko da ta kai zagayen kwata fainal. Sai dai akasarin waɗannan taurari a Amurka da Turai aka horar da su. Nasararsu abin alfahari ce, amma tana iya rufe idon mai tsara manufa daga ganin cewa gonar gida ta bushe.

Daga Ƙofar Mata zuwa Maiduguri

Gadon da Pillars ta bari ya wuce kofuna. Ta tabbatar da cewa yaron Arewa yana iya tashi a gida, a horar da shi a gida, ya ci abinci da wannan wasa, har ya wakilci ƙasarsa ba tare da ya tsallaka teku ba. Ta kuma ja maƙwabta suka ɗaga ƙafa, domin duk mai son fita daga rukunin Savannah sai ya shirya wa Kano. Tashin Gombe Bulls a ƙarshen wancan zamani yana cikin 'ya'yan wannan gogayya.

Inda wannan gado bai kai ba shi ne ƙarshen Arewa maso Gabas. Cikin ƙungiyoyin da suka yi suna a rukunin Savannah a waɗancan shekaru, mafi kusa da Maiduguri su ne na Gombe da Bauchi. Shekarun da Pillars take tashe su ne shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a Borno tun daga 2009, lokacin da aka rufe makarantu, dokar hana fita ta kashe wasannin yamma, hanyar Kano zuwa Maiduguri mai kusan kilomita 600 kuma ta zama abin fargaba. Ko ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta El-Kanemi Warriors sai da ta yi hijira, tana buga wasannin gidanta a wasu jihohi, kafin ta dawo Maiduguri a 2016.

Labarin El-Kanemi ya isa hujja cewa garin yana da ƙishin wasa. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992 ta sake ɗaukarsa a 2024, bayan duk abin da ya faru. Ƙwallon kwando kuma ya fi ƙwallon ƙafa sauƙin shuka a garin da ya cika ya batse da 'yan gudun hijira. Filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, wato girman babban filin ƙwallon ƙafa ɗaya ya ninka nasa kusan sau 17. Ba ya buƙatar ciyawa ko ban ruwa, daɓen siminti da ƙarfe biyu masu zobe a tsayin mita 3.05 sun wadatar. Yana shiga harabar makarantar firamare, kuma 'yan mata suna iya buga shi a cikin katangar makarantarsu, abin da yake da muhimmanci ga iyaye da yawa. Hukumar raya Arewa maso Gabas, wadda hedikwatarta take Maiduguri, tana gina makarantu da gyara waɗanda rikici da ambaliyar Satumban 2024 suka lalata. Ƙara irin wannan fili a cikin zanen kowace makaranta ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin.

Amma fili kaɗai ba ya yin ɗan wasa. Yaron da ya ƙware a Bulumkutu ko Gwange yana buƙatar matakalar da zai taka: gasar makarantu, ƙungiyar jiha, sannan babbar ƙungiya irin Pillars da za ta ɗauke shi aiki, a cikin gasar da take da jadawali tabbatacce. Idan matakin sama ya karye, iyaye ba su da dalilin barin ɗansu ya ɓata lokacinsa a na ƙasa.

Abin da ke gaban Abuja

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni, ya mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, mutumin da ya taɓa jagorantar kamfanin da ke tafiyar da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya kuma san abin da gasar cikin gida take buƙata. Bayan nasarar D'Tigress a Abidjan a 2025, gwamnati ta ba kowace 'yar wasa lambar girmamawa da kyautar dala 100,000. Sun cancanta. Tambayar da ta rage ga masu rubuta kasafi da masu ba shugabanni shawara ita ce, nawa ake warewa domin gasar da za ta haifar da irinsu a cikin gida.

Tarihin Pillars ya nuna abubuwa uku da za a iya yi ba tare da an jira wata mu'ujiza ba. Na farko, a daidaita kundin hukumar NBBF da ƙa'idojin gwamnati tun kafin lokacin zaɓe, a kuma samar da kwamitin sasanci da kowa ya amince da shi, domin kada rigimar kujera ta sake tsayar da gasa. Na biyu, a raba tafiyar da gasar daga siyasar hukumar, a ba ta kamfani mai zaman kansa da jadawalin da ake sanarwa tun farkon shekara, domin babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a kan gasar da bai san ranar farawarta ba. Na uku, jihohin da suke da ƙungiyoyi su buɗe ƙofa ga masu zuba jari, su kuma sa albashin 'yan wasa a cikin kasafi a fili. Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, ba ta rasa attajiran da za su iya ɗaukar ƙungiyar mutum goma sha biyu ba.

Zauren Ƙofar Mata yana nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki kofunan nan bakwai suna raye da ƙarfinsu, sun kai shekarun da ake zama masu horarwa. Ilimin da ke kansu shi ne jari mafi tsada da wasan yake da shi a Arewa, kuma ana iya kai shi Maiduguri da Damaturu da Yola da kuɗin mota da alawus. Wannan dama tana da wa'adi, domin mutum ba ya dawwama yana jiran a tuna da shi.